Shekarar da Na Hana Gaisuwa

Ranar Talata ce, ƙarfe tara da minti ashirin na safe, mako guda bayan Ista, a shekarar da na cika sittin da shida. Mu uku ne a ƙaramin ɗakin da ke saman bene, a ofishin motocin asibiti inda nake aiki a Fatakwal: ni, da Mista Tamuno manajanmu, da Bilkisu, wadda ke amsa kiran gaggawa na masu jin Hausa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a saman takarda, kamar yadda nake rubuta lokacin kowane abu tun ina 'yar shekara tara. Saboda ku na fara da wannan safiya, Dauda da Saratu. Shekara da shekaru kuna ba jikokina labari ranar Kirsimeti cewa kakarsu ta taɓa neman a kori mutum daga aiki don ya ce "ina kwana". Ku yi dariya, su yi dariya, ni kuwa ina raba nama ina jinku. Labarin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma kun ɗauki tsakiyarsa kun watsar da farko da ƙarshe. Ga shi nan cikakke, a jere, yadda ya faru.

Kun san na yi shekara talatin da biyar ina aikin jinya a Inugu, inda aka haife ku, kafin babanku ya yi ritaya daga reluwe mu koma Fatakwal kusa da ƙanensa. Abin da ba ku taɓa tsayawa kun fahimta ba shi ne aikin da na kama bayan tawa ritayar. Kukan ce wa mutane, "Mama tana sauraron waya." Ba haka ba ne. Idan zuciyar mutum ta tsaya, yakan yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, kuma tun daga wannan lokaci ƙwaƙwalwarsa take fara lalacewa. Motar asibiti ba ta tashi sama, kun kuma san cunkoson hanyar Aba. Saboda haka ran mutumin yana hannun duk wanda ke tsaye a kansa, ko da mai sayar da tattasai ne. Dole ya durƙusa, ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirji, ya riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, ba tsayawa, har mota ta iso. Wanda zai sa shi yin haka kuwa shi ne mai amsa waya a ofishinmu. Ni aikina yana zuwa bayan komai ya wuce. Nakan ɗauko muryoyin da na'ura ta naɗa, in rufe kunnuwana da abin sauraro, agogon awo a hannun hagu, jan biro a dama, in auna yaushe aka tambayi wuri, yaushe aka tambayi ko mutumin yana amsawa, yaushe aka tambayi numfashinsa. Takardar awon da hannuna na tsara ta, kuma na yi alfahari da ita. Dokar ofis kuwa ita ce, sabon ma'aikaci yana da wata shida na gwaji, idan ya sami jan zane uku a cikinsu sai a sallame shi. Ba ni na kafa wannan doka ba, amma ban taɓa ganin laifinta ba.

Kada ku yi mamakin halina. A makarantar mishan da na yi a kudancin Kaduna, shugabarmu wata Baturiya ce doguwa da muke kira Mai Agogo a bayan idonta. Takan auna shimfiɗar gadonmu da rula. Ranar da na makara addu'ar safe da minti ɗaya, ba ta dake ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Tsayar da ni ta yi a gaban aji, ta sa kowa ya yi shiru na minti ɗaya cur, domin in ji tsawon abin da na ɓata. Har yau ina jin tsawonsa. Da wannan kunne na shiga aikin sauraro.

Bilkisu kuwa haifaffiyar Fatakwal ce, babanta tsohon ɗan kasuwa ne daga Kano da ya daɗe a unguwar Hausawa. Tana jin Hausa da Turanci da Ibo da burokan, wato Turancin kasuwa, kuma takan sauya su a tsakiyar magana ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Mace ce mai fara'a, da wushirya, kullum da ƙullin gyaɗa a aljihun jakarta, abin da na hana a ɗakin waya ta kuma ci gaba da kawowa. Wata uku ta yi a gwaji, tana da jan zane ɗaya, na gaisuwa. A wannan safiyar Talata na kunna mana kiran wani dattijo daga kasuwar Oil Mill.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba."

"Ina kwana, 'yata?"

"Lafiya lau, Baba. Me ya faru?"

"An tashi lafiya? Yaya aiki?"

"Da godiya, Baba. Wane ne ba lafiya?"

"To madalla. Wato maƙwabcina ne a nan rumfa, jikin nasa ya ɗan motsa."

Na tsayar da na'ura, na juya mata fuskar agogo. Sakan ashirin da shida, ba a san ko a ina mutumin yake kwance ba. An yi sa'a suma ce kawai ya yi, ya farfaɗo kafin mota ta isa, amma wannan bai sanyaya mini rai ba. Da zuciya ce fa?

Na ce mata, "Bilkisu, ba a ɗauke ki aiki don ki yi zumunci ba."

Ta ce, "Mama Sista, wallahi ni ma ina jin tafiyar lokacin. Amma tsofaffinmu kamar hawa benen nan ne, ba sa tsallake matakalar farko. In ban amsa ba, a wurin zai tsaya."

"Sai ki ɗauke shi ki tsallakar da shi. Aikin kenan."

Mista Tamuno ba ya jin Hausa. Da na fassara masa kiran, ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, sannan ya ce da Turanci, abin da Madam ta ce shi ne doka. Na ja jan zane na biyu a takardar Bilkisu. Kafin azahar na buga sabon umarni na manna a bangon ɗakin waya: ba gaisuwa, ba amsa gaisuwa, ba faɗin suna, da ɗaga waya sai tambayar wuri. Bilkisu ta tsaya ta karanta shi sau biyu, ta ce "To, Mama," ta koma kujerarta. Saura mata zane ɗaya, mu duka mun sani.

Da na koma gida na ba babanku labari ina jiran yabo. Yana zaune a baranda yana gyara tsohuwar rediyonsa. Ya ajiye sukundireba ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke? Ke kika hana gaisuwa? Maman Dauda, ke da kika mayar da fasto waje ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, don ya shigo bai yi sallama ba?"

"Ranar da fasto ya zo ba zuciyar kowa ce ta tsaya ba."

"Tasa ta kusa."

Washegari da safe ya fito daga ɗaki, bai ce mini ina kwana ba, karo na farko tun aurenmu. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ƙame kamar soja.

"A ina kike? Kina amsawa? Kina numfashi? To a kawo shayi."

Mako guda yana yi mini haka. Na ƙi yin dariya a gabansa, amma zan faɗa muku abin da ban faɗa masa ba: a rana ta uku na ji gidan ya yi mini sanyi, kamar na kwana a masaukin baƙi. Ban ɗauki darasin ba. Na ce wasan tsofaffi ne, na ɗauki jakata na tafi aiki.

Wata biyu Bilkisu tana bin umarnina kalma da kalma. Takardunta suka riƙa fitowa fes, tambayar wuri a sakan na farko, komai a layinsa. Amma kunnena bai gamsu ba. Dattijo zai yi sallama, ta ce "A ina kake?", sai ya yi shiru, ya sake yin sallamar da ƙarfi, yana zaton layi ne ba kyau. Wani na ji yana ce wa na kusa da shi, "Na'ura ce, ba mutum ba," ya kashe ya sake kira. Wani ya ɗauka Bayarabiya ko 'yar Ibo ya samu, ya koma lalubo Turancin da ba shi da shi. Mafi muni su ne masu miƙa waya: "Kai, zo ka karɓa, ban gane mata ba," waya ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a cikin hayaniyar kasuwa, mutum yana kwance a ƙasa. Wata tsohuwa kuma ta bar maganar mijinta ta tsaya tambaya, "Ke 'yar gidan wane ne da ba a koya miki amsa sallama ba?" Duk na ji waɗannan. Sai dai takardata ba ta da gurbin rubuta su, domin ni abin da na ce a auna shi ne yaushe aka yi tambaya, ba yaushe aka sami amsa ba. Na ji, na kuma yi kamar ban ji ba, saboda takardun suna yi mini kyau a cikin fayil. Wannan shi ne ɓangaren da ba ya cikin labarin Kirsimeti, kuma shi ne ainihin laifina.

Ana tsakiyar damina, wata safiyar Alhamis, na kunna kiran da ya shigo jiya da hantsi. Ƙa'idar aiki ta hana ni faɗin sunan marar lafiya, ko ga 'ya'yana, don haka zan kira shi Mai Albasa. Ƙanensa ne ya bugo, shi ma dattijo ne, muryarsa tana rawa.

"Salamu alaikum."

Na ji Bilkisu ta ja numfashi. Sakan ɗaya ne, amma na san abin da take aunawa a cikinsa.

"Wa alaikumus salam, Baba. Bilkisu ce, 'yarku. Sauran gaisuwar na ajiye mana sai anjima. A ina kuke?"

"Kasuwar Creek Road, layin 'yan albasa, ta gefen ruwa."

"Mota ta taso. Wa ya faɗi?"

"Yayana ne."

"Kira sunansa, ka girgiza kafaɗarsa. Ya amsa?"

"Bai amsa ba. Amma yana numfashi, alhamdu lillahi, yana ja kamar mai minshari."

"Baba, kai mini wayar bakinsa in ji."

Wannan ma ba ya cikin takardata. Na ji abin da ta ji: wani ja mai nauyi guda ɗaya, sai dogon shiru, sai wani. Duk wadda ta yi jinya ta san wannan sauti. Ba numfashi ba ne, sauran motsin jiki ne bayan zuciya ta tsaya, kuma shi ne ke yaudarar mutane su tsaya jira.

Ta ce, "Baba, wannan ba numfashi ba ne. Zuciyarsa ce ta tsaya, kuma hannunka ne zai yi mata aiki kafin mu iso. Ku kwantar da shi rigingine a ƙasa, ba a kan buhu ba."

A bayansa kasuwa ta rikice. Wani yana kiran a kawo ruwa a yayyafa, wasu sun fara salati, wata babbar murya tana cewa a bar bawan Allah ya cika cikin mutunci. Dattijon ya rage murya.

"'Yata, ana cewa a laƙƙana masa kalmar shahada. Kuma yayana ne. Ta yaya zan hau ƙirjinsa a gaban jama'a?"

"Masu baki su yi ta yi, Baba, kada su daina. Kai naka na hannu ne. In ya tashi ya yi faɗa, ka ce ni na sa ka. Durƙusa. Hannu ɗaya a kan ɗaya, tsakiyar ƙirji. Bi ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Da ƙarfi, Baba, ba man zafi kake shafa masa ba!"

Na danna agogo a daidai inda na ji nishinsa na farko. Na dubi fuskar agogon, na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Tun da na manna umarnina a bango, ban ji hannu ya isa ƙirji da wuri haka ba a kiran Hausa. Ta yi ta ƙirga masa. Da ya gaji ta sa ya miƙa wa wani ƙaton ɗan dako, ta juya harshe zuwa burokan ba tare da ƙidayar ta yanke ba, salati kuma yana tafiya a bayansu. Haka har na ji jiniyar motarmu. Ma'aikatanmu suka sa masa na'urar da ke farkar da zuciya da lantarki, kuma rahoton da ke manne da kiran ya ce ya isa asibiti zuciyarsa tana bugawa.

Sai na dawo kan takardata. Ta amsa sallama. Ta faɗi sunanta. Ta ƙara maganar da ba a rubuta ba. Bisa umarnin da na buga da hannuna, wannan jan zane ne, na uku, kuma na uku sallama ce daga aiki. Ba wanda ke jin Hausa a cikin manyan ofis sai ni. Da na ga dama sai in rubuta "daidai" in rufe fayil, ba mai sani har abada. Amma ban taɓa rubuta abin da ba haka yake ba a takardar aiki, ko sau ɗaya, kuma ba zan fara ina da shekara sittin da shida ba. Na ja zanen. Biron ya yi mini nauyi.

Rahoto ba ya zuwa teburin manaja sai Juma'ar mako mai zuwa, don haka ina da kwana takwas. Na sa aka fito mini da duk kiran Hausa na tsayawar zuciya da muke da su, na kafin umarnina da na bayansa, na ajiye takardata gefe, na ɗauki farar takarda. Abu ɗaya kawai na auna: daga ɗaga waya zuwa lokacin da hannu ya fara danna ƙirji. Na fasa zuwa koyon waƙa na zumuntar mata har sau biyu, abin da ya sa shugabarmu ta aiko a duba ko lafiya. Abin da na samu bai yi mini daɗi ba, amma a fili yake. Doguwar gaisuwa tana cin lokaci, a nan ban yi kuskure ba. Hana ta gaba ɗaya kuwa ya fi cin lokaci. Hanyar da Bilkisu ta bi a Creek Road, amsa guda cikin numfashi ɗaya sannan tambaya, ta fi duka biyun sauri. A lokacin ne na gane cewa tsohon da ke gaisuwa alhali ɗan'uwansa yana ƙasa ba rashin hankali ke damunsa ba. Tsoro ne ya kama shi, ya riƙe abin da bakinsa ya saba, yana lalube ya ji ko akwai mutum a ɗaya gefen. In ya ji akwai, sai ya bi. A cikin wata biyun da umarnina ya yi a bango, akwai waɗanda ba su rayu ba. Ba zan ce dokata ce ta kashe su ba, domin yawancin irin wannan kira haka yake ƙarewa ko da an yi komai daidai. Ba kuma zan ce ba ruwanta ba. Wannan tsakanina da Ubangiji ne, kuma mun daɗe muna maganarsa.

Ranar Litinin Bilkisu ta hawo sama da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ina jin da gayya.

"Mama Sista, na san kin ji na Creek Road. Na riga na kwashe kofina da abin sallata daga loka, inda nake ajiya."

"Wa ya ce ki kwashe? Tukuna ma, me ya sa kika karya doka, kina sane saura miki ɗaya?"

"Na ji yadda sallamar tasa take rawa. Na san in na bar shi a wurin, a wurin zai tsaya. Sai na ce in dai korar ce, gara a kore ni mutumin yana numfashi."

"Na ja miki zanen."

"Na sani, Mama. Da ba ki ja ba, da na ce ba ki da lafiya."

"Mayar da kofinki loka. Kuma na ga gyaɗar nan."

A gida na baje takarduna a tebur ina jerawa. Babanku ya leƙo, ya karanta su har ƙarshe. Can ya ce, "To yanzu wa za ki ba jan zanen?" Na ci gaba da jera takarduna. Ya tafi ya dafa mini shayi da kansa, ya cika sukari kamar kullum, na sha ban yi gyara ba.

Ranar Juma'a muka sake zama mu uku a ɗakin nan. Na ajiye wa Mista Tamuno takarda biyu. Ta farko ta Bilkisu ce, da jan zanenta na uku. Ta biyu takardar awon ce ita kanta, wadda ba a cike ba, na ja mata jan zane daga kusurwa zuwa kusurwa na sa hannu a ƙasa. Na bayyana masa abin da na auna da abin da na samu, a jere, sannan na ce, "Doka ta ce zane uku. Ga su nan uku, ban ɓoye ko ɗaya ba. Amma duka ukun da ma'aunin da ba daidai ba aka auna su, kuma ni na tsara ma'aunin. Na yi kuskure. Idan dole a sallami wani a kan wannan, sunana ne a ƙasan takarda."

Yana tsaye ne a bakin taga. Ya jawo kujera a hankali ya zauna.

"Madam, shekara huɗu muna tare. Abeg, maimaita kalmar nan ta tsakiya, ina so in tabbata kunnena ne."

"Na yi kuskure, Mista Tamuno. Sau biyu kenan na faɗa. Ba za a yi na uku ba."

Bilkisu ta rufe baki da gefen mayafinta, tana danne dariya.

Kada ku zaci a nan aka tafa aka watse. Maganar ta je gaban likitocin da ke kula da ofishin, kuma sun yi abin da ya kamata, wanda bai yi mini daɗi ba. Suka karɓe tsara takardar awo daga hannuna ni kaɗai, suka ce daga yau sai da masu amsa waya biyu a zaune tare da ni, kowannensu da bakin magana daidai da nawa. Suka kuma ce in tsaya a taron ma'aikata in bayyana kuskuren da bakina, domin wasu su koya. Na tsaya a gaban yaran da na yi shekara huɗu ina ja wa zane, na karanta laifina daga farko har ƙarshe. Na tuna Mai Agogo da minti ɗayanta. Wannan ya kai minti goma, kuma ni na cire umarnin daga bango da hannuna, har ya ɗauko fenti. Washegari babanku ya gaishe ni tun daga kwana har gajiya har ruwan sama har lafiyar kajin maƙwabta, na ce ya isa, ya ce ai an ɗage doka.

Bayan kamar mako shida, mai gadi ya hawo ya ce ga wasu dattawa biyu a ƙasa da buhun albasa a keke, sun ce sai sun ga Bilkisu da babbarta. Muka sauka. Ɗaya dogo ne, ya rame, yana dogara sanda. Ɗayan yana buɗe baki na gane muryar.

Ya ce, "Salamu alaikum. An ce an ajiye mana sauran gaisuwa sai anjima. To mun ga anjimar ta yi tsawo, shi ne muka zo karɓa."

Aka kawo benci suka zauna, suka fara. Kwana, gajiya, aiki, iyali, maigida, yara, jikoki, damina, mutanen arewa, mutanen Inugu da suka ji na zauna a can. In ƙanen ya gama sai yayan ya ɗauko daga farko. Na amsa kowace ɗaya, ban tsallake ba. Agogon yana aljihuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, na danna shi: minti goma sha ɗaya. Sannan Mai Albasa ya dafa gefen ƙirjinsa ya dubi Bilkisu.

"Likita ya ce haƙarƙarina biyu ne suka tsage. Na tambayi wannan, ya ce wai ke kika sa shi."

"Ni ce, Baba."

"To Allah ya yi miki albarka. Shekara sittin yana neman dalili, sai ke kika ba shi."

An tabbatar da Bilkisu a aiki a ƙarshen watanninta shida. A sabuwar takardar awo, layin farko amsa sallama ne cikin numfashi ɗaya, na biyu tambayar wuri, kuma babban abin da ake aunawa shi ne lokacin da hannu ya isa ƙirji. Mai Albasa ya ƙara shekara bakwai a duniya. Na bar aiki ina da saba'in da ɗaya, Bilkisu ce ta gaji kujerata, da agogon, da jan biron.